Kabar Bature a Ɗakin Kaka

Wata Laraba ce a tsakiyar marka, shekara biyu kafin Nijeriya ta sami mulkin kai. Tun da hantsi ake tsuga ruwa a Ƙauran Namoda, tsakar gidanmu ta koma tafki, kaji sun lafe a ƙarƙashin rumbu, awaki suna ta kuka a turke. Iya tana son ta yi tankaɗe, ni da ƙanena Sani kuwa mun hana ta sakat, sai ta kora mu ɗakin Kaka, uwar mahaifinmu, wadda ta tafi Shinkafi zaman jegon Gwaggo. A can muka fara wasan ɓuya, ɗakin da bai fi maɓoya uku ba: bayan gado, bayan adudu, da bayan wani dogon itace da ke tsaye cikin garwa kusa da ƙofa. Bayan itacen na lafe. Da Sani ya gano ni na juya da sauri zan gudu, sai tsinin wani ganye ya shige ni a ƙarƙashin idon hagu. Na ji ɗumi yana bin kumatuna, na shafa, na ga jini, na ƙwalla ihun da har maƙwabta suka ji duk da ƙarar ruwa.

A daidai lokacin Baba ya shigo daga gona, jiƙe sharkaf, da adda a hannu. Ya ga fuskata jina-jina, ya ga hannuna a kan ido, bai tambayi kowa komai ba. Ya shiga ɗakin uwarsa ya kai wa itacen sara. Kan itacen ya faɗi a kan tabarma da dukan ganyensa, aka bar kututture tsirara wanda bai wuce ƙirjina ba, samansa a dare. Baba ya ja ganyen ya wurga bayan katanga. Sai bayan nan Iya ta zaunar da ni ta wanke mini fuska da ruwan ɗumi, ta buɗe idon da yatsu biyu, ta duba, ta sake dubawa. Ƙwarzane ne kawai a fata. A hankali ta ce, "Malam, idon na nan lafiya lau." Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga daga haɓar rigarsa. Ya dubi addar, ya dubi cikin ɗakin, ya jingine ta a bango ya fita zaure. Ranar bai ci tuwo ba.

Itacen nan na kakanmu ne, Mamman, mijin Kaka, wanda ya rasu ban yi wayo ba. Kuku ne a gidan wani Baturen jirgin ƙasa, a nan Ƙaura inda layin dogo ya ƙare. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya sayar da kayansa, ya bar wannan tsiro a garwar kananzir domin babu mai saye. Kakanmu ya ɗoro shi a ka ya ratsa gari da shi, mutane suna yi masa dariya, don itace ne da ba ya 'ya'ya, ba ya inuwa, ba a miya da shi, ba a magani. Ya ajiye shi a ɗaki kamar yadda ya ga ana yi a gidan aikinsa. Ganyensa dogaye ne masu ƙarfi kamar takubba, sun yi kama da kaba, shi ya sa aka yi masa suna kabar Bature. Da kakanmu ya rasu aka raba gonarsa da 'yan tufafinsa, tukwanen aikinsa suka bi dangi. Abin da ya rage wa Kaka a ɗaki shi ne wannan garwa. Kowace Juma'a takan jiƙa tsumma ta goge ganyen ɗaya bayan ɗaya, ba ta son a yi mata magana sai ta gama. Daga baya na haɗu da irinsa a wurare da yawa: a barandar wani gida a Kumasi, a zauren masauki a Jidda, a asibitin da na yi kwas ɗin ungozoma a Ingila. A can na ji ana ce masa yuka, aka kuma gaya mini asalinsa daga ƙasashe ne na hayin teku inda yake jure fari. Mu a lokacin ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Babu wanda ya ce laifina ne, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Da an zane ni da na yi kukana na huta. Sai na riƙa kwana da tashi da tunanin cewa da ban yi ihu haka ba, da na tsaya na buɗe idon na ga yana gani, da itacen yana nan. Iya tana ganin ita ta tura mu ɗakin. Baba kuwa nasa a fili yake. Kowa ya riƙe nasa a ciki, muna cin abinci muna kauce wa idon juna. Kwana biyu da faruwar abin na ji Baba yana gaya wa Iya, da muryar manomin da ya san aikinsa, "Itace duk itace ne. Zogale ma in an sare shi, ruwa da taki yaka so, sai ka ga ya fashe da toho." Ya kawo takin awaki da baƙar ƙasar fadama mai danƙo, ya cika garwar har baki, ya danna da tafin hannu. Sannan ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, ya toshe 'yar tagar da tsumma, don kada wata maƙwabciya ta leƙa labari ya riga mu isa Shinkafi.

A gidanmu, kamar kowane gida a unguwar, akwai wurin alwala a gefen tsakar gida, da wani lalle a jikinsa wanda ko da rani kore shar yake. Kowa ya san dalili, ruwan alwala ne ke sauka a gindinsa, ruwa mai albarka. Sai Baba ya fara yin alwalarsa a cikin tasa, in ya idar ya ɗauka ya shiga ɗakin Kaka. Iya kuwa duk sanda ta wanke surfe takan rage tsarin da ake ba awaki, ta kai wa kututturen, tana ganin abin da ke sa akuya ƙiba ba zai cuci itace ba. Ni ma ina da nawa. Da safe ina zuwa elemantare, inda malaminmu ya sa muka shuka wake a gwangwanaye muka jera a taga, muna rera cewa tsiro yana son ruwa. Da yamma kuma makarantar allo. In na haddace aka ce in wanke, ba a zubar da ruwan wankin allo inda ƙafa ke takawa, sai a gindin itace. Nakan tara nawa a ƙoƙo, in rufe da gefen zane, in bi ta bayan rumbu in kai. Har roƙon 'yan uwana 'yan mata na riƙa yi su bar mini nasu, ina ba su gyaɗa da duwatsuna na carafke, masu santsi, waɗanda na daɗe ina tarawa. Kullum nakan tarar da ƙasar a jiƙe, in ɗauka ruwana ne na jiya bai tsotse ba, in ƙara.

Kowace Alhamis motar kasuwa tana tafiya Shinkafi in hanya ta yarda. Baba yakan je tasha da ƙunshin gero da kanwa da sabulu a kai wa mai jego, nakan bi shi riƙe da kwanon man shanu. Direban yakan tambaya ko akwai wani saƙo na baki, Baba ya ce, "A ce muna lafiya." Wata rana direban ya dawo da amsa, wai tsohuwa ta ce a riƙa buɗe mata ƙofar ɗaki da safe. Baba ya sunkuyar da kai ya ce to. Da muka dawo gida ya tsaya a gaban ƙofar, ya ɗora hannu a kanta, sai ga sallamar wata mai sayen ƙuli-ƙuli, ya janye hannun. Ba a buɗe ba.

Gero ya fitar da kai, muna zuwa korar tsuntsaye da gwangwani da tsakuwa, amma kututturen bai motsa ba. Ɗakin ya fara wani irin tsami, ƙananan ƙudaje suna tashi daga garwar in an taɓa ta. Bawon ya yi duhu daga ƙasa, tsagar da adda ta bari ta yi baƙi. Da muka ga haka sai muka ƙara ƙoƙari. Wata safiya na tura ƙofar da ƙoƙona, na tarar da Baba a tsugune yana juye tasarsa. Kafin in juya sai ga Iya a bayana da ƙwaryar tsari. Muka tsaya mu uku a cikin duhu da wari, kowa da abin da ke hannunsa. Yau in na tuna nakan yi murmushi, amma ranar babu wanda ya yi. Baba ya matsa gefe ya ce, "Uwani, zuba naki." Uwani ake kirana don sunan Kaka gare ni, ba ya iya faɗinsa. Na zuba, Iya ma ta zuba, muka fito aka ja ƙofa.

Kaka ta dawo ana yankan gero, bayan an yi arba'in. Ta sauka daga mota da ƙunshinta da tsarabar busasshen kifi, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, aka yi ta gaisuwa. Baba ya tambayi jariri, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi hanya, ya koma ya tambayi jariri. Iya ta kawo fura, ta kawo ruwa, ta ce ko za a ɗora wanka. Kaka ta dube su duka biyu, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta nufi ɗakinta. Ta daɗe a ciki. Muka ji ta cire tsumman taga, muka ji ta ja garwar. Da ta kira mu muka tarar ta danna babban yatsanta a gindin kututturen, wurin ya loɓa kamar dafaffen rogo.

"Wa yas sare shi?"

Baba ya tsuguna. "Ni ne, Inna."

Ni kuwa na ruga na tsaya a gabanta ina nuna mata ƙarƙashin idona, ina kuka, ina cewa ni ce na yi ihu. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta duba sosai.

"Takwara, da ni na gan ki da jini a nan, da ni ma na sare shi. Share hawayenki, kin yi muni." Ta sake ni ta juya ga Baba. "Saran bai dame ni ba. Ubanka da kanshi ya taɓa sare shi da ya kai azara, kana can ƙauye wajen kawunka. Wa yab ba shi ruwa?"

Ta dubi Baba, ta dubi Iya, ta dube ni.

"Kowa ke nan," in ji ta. "Mota na zuwa duk Alhamis. Kunka iya aiko kanwa, kunka kasa aiko magana."

Ba ta ƙara ba, ba ta kuma huta gajiyar hanya ba. Ta sa Baba ya fitar da garwar ya kifar. Ƙasar ta fito a dunƙule tana ɗigar baƙin ruwa, ashe danƙon fadama ya toshe hudojin ƙasan tun tuni. Yawancin saiwoyin sun ruɓe, suna zarewa a hannu kamar jiƙaƙƙen zare. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta sa wuƙa ta yanke duk mai laushi, ta fafe gefen da ya loɓa har ta kai ga farin itace mai tauri, ta shafe wurin da toka. Ta aiki Sani ya aro zarto wajen kafinta, ta nuna wa Baba inda zai yanka, ƙasa da tsagar, a ɗan karkace don kada ruwa ya kwanta. Ta narka kakin zuma a murfin gwangwani ta tsiyaya a kan yankan. Sannan ta kwantar da kututturen a inuwar rumbu, ba ƙasa ba ruwa, ta ce a bar shi ya sha iska. Bayan 'yan kwanaki ta tura ni da Sani gulbin Gagare muka ɗebo yashi. Ta buɗe hudojin garwar da ƙusa, ta jera sakaina a ƙasa, ta cuɗa yashin da 'yar ƙasa kaɗan, ta dasa, ta ajiye a bakin ƙofa daga ciki, inda hasken safe ke shiga amma ranar tsaka ba ta kai wa. Ta ce, "Ba shi da ganye, da mi zai sha ruwa? Duk wanda na gani da buta kusa da ɗakin ga, ni da shi ne."

Wannan doka ita ta fi komai wuya. A da ko banza muna da abin yi da hannuwanmu, yanzu an ce mu naɗe su. Baba ya nemi wasu hanyoyi. Ya yi wa ɗakin Kaka sabon yaɓe, ya saya mata tabarmar kaba, in ya taso daga dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi yakan biyo mata da tsire a ganye. Takan karɓa ta ce Allah ya yi albarka, ta raba mana. Ba ta ɗaure masa fuska ba, amma shi bai sami sauƙi ba. Da na girma na zauna da Yarbawa na ga ƙaton namiji ya kwanta rub da ciki a gaban uwarsa yana ba ta haƙuri. Na ji yadda Larabawan Omdurman ta ƙasar Sudan ke yi da sumbatar kai da kalmomi masu daɗi, na ji na mutanen Maraɗi da suka yi boko, har da Faransanci. Mu ma muna da kalmomin, amma Baba mutum ne da magana ke maƙale wa a wuya in ya zo gaban uwarsa. Kowace safiya yakan tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, idonsa yana zamewa wajen garwar, ya tashi. Ya san in kututturen nan ya bushe, shi ya raba uwarsa da abu na ƙarshe da ubansa ya bari. Ranar Juma'a na ga Kaka ta jiƙa tsummanta kamar yadda ta saba, ta taho, ta tsaya, sai ta goge bakin garwar ta shanya tsumman. Baba ma ya gani.

Ni nakan faki idonta in sa farce in ɗan ƙwarzani bawon, in ga ko akwai ɗanye a ciki. Ran da ta kama ni ta buge mini hannu da mafici. "Ke da ubanki jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ba a taya shi, a bar shi." Can ba a rasa ba takan tsoma yatsa cikin yashin, in ta ji ya bushe ƙarau ta ɗan yayyafa, shi ke nan. Aka gama girbin dawa, aka yi sussuka, sanyi ya shigo ya fara ja da baya, kututture yana tsaye kamar turken da aka manta.

Kaka ta riga mu gani, amma ta yi shiru sai da ta tabbata. Wani ɗan ƙullutu ne ya taso a jikin bawon, ƙasa da kakin, kamar ƙurji. Ya fashe, wani koren tsini ya leƙo kamar bakin ɗan tsako, sannan wani a kusa da shi. Duka a gefe ɗaya suke, gefen da ya ruɓe bai ƙara yin komai ba har abada. Da safe Baba ya zo gaisuwa, ina zaune Kaka tana yi mini kitso. Ya tsuguna, suka gaisa, zai tashi ta ce ya dakata. Ta juya garwar ta yadda tohon zai fuskance shi. Ya zuba masa ido. Ta miƙa hannu ta ɗauko ludayi a bakin randa ta ba shi.

"Cika wanga, ka zuba a gefe, kar ka taɓa jikin. Sai yatsanka ya shiga bai ji sanyi ba kaka ƙarawa. Ni bayana ya gaji da duƙawa."

Bayanta lafiyarsa lau, a ranar ma ta yi daka. Baba ya ɗebo ruwan. Mutumin da ke ɗaukar buhun gyaɗa a kafaɗa ya hau da shi tarago, sai ga shi ya tallabi ludayi da hannu biyu. Ya zuba a hankali yana zagaya bakin garwar, ya tsaya har yashin ya shanye. Kaka ta ci gaba da kitsona, ta ja gashin da ƙarfi ta ce in daina juya kai. Daga ranar aikin ya zama nasa.

Ni kuwa aure da aiki suka ɗauke ni. Ina Omdurman Kaka ta rasu, ina Jidda Baba ya bi ta. Yanzu na dawo gida da furfura, na tarar Zamfara ta zama jiha mai cin gashin kanta, ga Shari'a, ko'ina ka zauna zancen laifi da hukunci da tuba ake yi, a rediyo da lasifika da bakin kasuwa. Ina saurare, ina kuma tuna wani gida inda aka yi laifi aka yafe ba tare da an ambaci ko ɗaya ba. Kwanan baya na shiga wani ofis a Gusau na ga kabar Bature a kusurwa, na matsa na taɓa, ashe ta roba ce. Gidanmu na Ƙaura an yi masa siminti, ɗakin Kaka ya zama shagon da ɗan Sani ke sayar da man babur. Na tambayi Sani ina itacen. Ya ce Baba bai fasa ba shi ruwa ba har ciwonsa na ƙarshe, tohon nan biyu sun girma sun kai azara, bayan nan kuma bai san wanda ya kula da shi ba. Na zo gida sau da yawa a shekarun nan, da akwatuna da tsaraba, na gaisa na koma. Ban yi tambayar ba sai da masu amsa ta suka ƙare.